Daidaita Ƙafafun Mota da Kwamfuta: Aikin da Kalmominsa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ayyukan da ke jiran ɗalibin Hausa bayan ya bar jami'a, fassara tana sahun gaba. Wani zai sami kansa a gidan rediyo, wani a kamfanin talla, wani kuma a hukumar da ke wayar da kan direbobi. A irin waɗannan wurare, takardar da za a ajiye mana a gaba tana iya zama a kan taya da birki da sitiyari, a ce mu mayar da ita Hausa kafin a tashi aiki. Mai fassarar da bai fahimci abin da yake fassarawa ba kuwa yana iya sa direba ya biya kuɗin gyaran da motarsa ba ta bukata, ya kuma hau hanya da tayar da ta kusa fashewa.

Saboda haka na zaɓi aiki ɗaya daga cikin ayyukan gareji, wanda kanikawa ke kira alaimen, domin mu dube shi ta fuska biyu. Da farko za mu ga yadda ake yin aikin da na'urar kwamfuta, sannan mu koma kan kalmomin da ake amfani da su a wurin. Ni ma a aji na koyi Hausa kamar yawancinmu, don haka kalmomin da ke cikin wannan maƙala daga bakin direbobi da kanikawa Hausawa na tattaro su, a wani gareji da ke kusa da tashar manyan motoci ta garinmu.

2.0 Mene ne Alaimen?

Alaimen shi ne auna yadda ƙafafun mota huɗu suke tsaye da inda suke fuskanta, a kuma saita su daidai da ma'aunin da kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade. A lura, ba tayar kanta ake gyarawa ba. Ƙarafan da ke riƙe da ƙafar ne ake juyawa, har ta tsaya yadda ake so.

Ƙafafun suna kaucewa daga saiti idan mota ta faɗa rami da gudu, ko ta bugi dakalin gefen titi, ko aka daɗe ana yi mata lodi fiye da ƙima, ko kuma idan sassan ƙarƙashinta sun tsufa. Alamomin da direba zai gani guda uku ne: mota tana ja gefe ɗaya idan an sassauta riƙon sitiyari, sitiyari yana tsayawa a karkace alhali motar tana tafiya a miƙe, sannan taya tana cinyewa ta gefe ɗaya.

Dole ne mai fassara ya bambance wannan aiki da wani da ake kira balansin. Shi balansin, ana ɗora ƙafar mota ne a kan wata na'ura da ke juya ta, a gano inda nauyi ya fi yawa, a maƙala ƙananan ƙarafa a jikin wili domin nauyin ya zama ɗaya. Alamar rashinsa ita ce rawar sitiyari idan mota ta ɗauki gudu. Cuta daban, magani daban.

Batun ya shafi aljihu da rai gaba ɗaya. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Tun daga nan galibin tayoyin da ke kan hanyoyinmu daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin farashin kuɗin waje. Ƙari a kan haka, tayar da gefenta na ciki ya cinye tana yaudarar ido, domin wanda ya dube ta daga waje zai ga kamar sabuwa ce.

3.0 Kusurwoyin da Ake Aunawa

3.1 Kamba

Idan mutum ya tsaya a gaban mota ya dubi tayarta, kamba ita ce karkatar saman tayar zuwa ciki ko zuwa waje. Idan saman tayoyin biyu ya karkata ciki, ƙasansu kuma ya ware, sai su yi kama da ƙafafun mai gwame, wanda gwiwoyinsa ke haɗuwa. Idan wannan karkata ta yi yawa, gefen tayar na ciki ne zai cinye. Idan kuwa saman ya karkata waje fiye da ƙima, gefen waje ne zai tafi. Haka nan idan kambar hagu da ta dama suka bambanta, mota takan ja zuwa ɓangaren da saman tayarsa ya fi karkata waje.

3.2 Kasta

Wannan sai an dubi mota ta gefe. Misali mafi sauƙi shi ne keke. Ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ta keke ba a tsaye cak yake ba, samansa ya kishingiɗa baya zuwa wajen mahayi. Wannan kishingiɗa ce ke sa keke ya riƙe hanya. A mota ma haka abin yake: kasta ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Ba ta cika cin taya ba, amma idan ta ɓangare ɗaya ta gaza ta ɗaya ɓangaren, mota za ta ja zuwa inda kishingiɗar ta yi ƙaranci.

3.3 To

Wannan kuma sai an dubi mota daga sama. Idan goshin tayoyin biyu ya matso kusa da juna fiye da bayansu, an ce sun dubi ciki. Idan goshin ya ware, sun dubi waje. Duban ciki da ya wuce ƙima yana cin gefen waje na taya, duban waje kuma yana cin gefen ciki. Wanda ya shafa irin wannan taya da tafin hannu zai ji santsi ta wajen ɗaya, kaifi ta ɗaya wajen, kamar haƙoran zarto.

A cikin ukun nan, ita ce ta fi saurin kashe taya, kuma lissafi kaɗan zai nuna dalili. Faɗin wili mai inci 15 milimita 381 ne. A ce gabansa ya kauce daga bayansa da milimita 2 kacal. Ma'anar haka ita ce, a duk milimita 381 da tayar ta yi gaba, tana neman gocewa gefe da milimita 2, wato sama da mita 5 a kowace kilomita. Babbar hanyar Legas zuwa Ibadan kilomita 127 ce. Ke nan a tafiya ɗaya, a lissafi, kamar an ja tayar ne a kaikaice a kan kwalta har kusan mita 670. Kuskuren da ido ba ya iya gani ne ke haifar da wannan ɓarna.

3.4 Layin ƙafafun baya

Ƙafafun baya su ne ke nuna wa mota ainihin inda za ta dosa. Idan suka karkata daga layin tsakiyar mota, sai ta riƙa tafiyar ƙaguwa, direba kuma ya riƙe sitiyari a karkace don ya ci gaba da tafiya a kan hannunsa. Wannan ne dalilin da ya sa na'urar zamani take auna ƙafafu huɗu, ko da na gaba kawai za a taɓa.

Kula da kusurwar ƙafafu ya girmi mota. Wani maƙerin keken doki a birnin Munik na Jamus, Georg Lankensperger, shi ne ya tsara yadda ƙafar da ke cikin kwana za ta fi ta waje lanƙwasa, kuma Rudolph Ackermann ya yi wa tsarin rajista a Ingila a 1818. Har yau da sunan Ackermann ake kiran tsarin.

4.0 Na'urar da Sassanta

Kafin zuwan kwamfuta, da zare da tef ɗin awo ake wannan aiki, kuma har yanzu akwai masu yin haka a bakin hanya. Zare yana iya nuna duban ciki ko na waje, amma ba ya auna kasta. Daga baya aka sami na'urori masu aika haske daga wata ƙafa zuwa wata. A shekarun 1990 kuma aka fara amfani da masu kyamara, waɗanda suka yaɗu a manyan gareji. Cikin kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera su akwai Hunter, wanda aka kafa a jihar Mizuri ta Amurka a 1946, da John Bean da Hofmann.

Na'ura mai kyamara tana da sassa huɗu. Na farko shi ne gadon da mota ke hawa, wanda dole ya kasance a shimfiɗe ba tudu ba gangare. A gabansa akwai faifai biyu na ƙarfe masu juyawa, inda tayoyin gaba ke zama, a bayansa kuma akwai faranti masu zamewa. Na biyu su ne alluna huɗu masu zane, waɗanda ake maƙalawa a jikin ƙafafun. Na uku su ne kyamarorin da ke kan wani dogon ƙarfe a gaban mota, suna ɗaukar hoton allunan. Na huɗu ita ce kwamfuta, wadda ke lissafa kusurwa daga yadda zanen kowane allo ya bayyana a hoto. A cikinta kuma akwai ma'aunin motoci iri-iri, kowace da shekarar ƙirarta.

5.0 Yadda Ake Aikin

Mataki na 1: Binciken farko. Bakanike zai duba iskar kowace taya da geji, ya girgiza ƙafafun ya ji ko akwai wasa a tayarod ko boljoyin ko bushin, ya duba shokozoba da sifirin. Babban bakaniken garejin da na ziyarta ya ce mini, "Ɗana, saita motar da tayarod ɗinta ke wasa zuba ruwa ne a kwando. Kafin ta kai bakin titi saitin ya tafi." Don haka a canja abin da ya lalace tukuna.

Mataki na 2: A hau da mota kan gado, tayoyin gaba su zauna a tsakiyar faifan, a maƙala allunan.

Mataki na 3: A zaɓi irin motar da shekararta a kwamfuta. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin idan aka zaɓi wata mota daban, na'urar za ta nuna an yi daidai alhali ma'aunin na wata ne.

Mataki na 4: A tura motar baya kaɗan, abin da bai kai taku ɗaya ba, a sake dawo da ita. Da wannan ne kwamfuta ke gano ainihin inda kowace ƙafa ke juyawa, ta kuma cire kuskuren da lanƙwasar wili ko maƙala allo zai iya kawowa.

Mataki na 5: A danne birki da wani ƙarfe, a zare kusoshin da suka kulle faifan, a juya sitiyari hagu da dama gwargwadon yadda kwamfuta ta nuna. A nan ne take lissafa kasta.

Mataki na 6: Karanta sakamako. Lambar da ke cikin ma'auni takan fito kore, wadda ta fita kuma ja. Ana rubuta su da digiri da minti, kuma minti 60 ne ke yin digiri ɗaya. Wasu na'urorin kan nuna to da milimita.

Mataki na 7: Gyara. Ana farawa da baya idan motar tana da wurin saiti a can, sannan a dawo gaba: kasta, sai kamba, sai to a ƙarshe, saboda taɓa biyun farko yana motsa ta ukun. Za a tsayar da sitiyari a tsakiya a kulle shi, a kwance notin tayarod, a juya sandar don a tsawaita ta ko a gajarta ta. A motar da sandar ke bayan tsakiyar ƙafa, tsawaita ta yana tura bayan tayar waje, goshinta ya dubi ciki. Bakanike yana juyawa yana kallon allon kwamfuta, har lambar ta koma kore, sannan ya ɗaure notin. Ƙananan motoci da yawa ba su zo da wurin saita kamba ko kasta ba. A irinsu, jan lamba a waɗannan wurare yana nuna wani ƙarfe ya lanƙwashe, sai an canja shi ko a sa kusoshi na musamman.

Mataki na 8: A buga takardar da ke nuna lambobin kafin gyara da bayan gyara, a fita gwaji. Sababbin motoci suna da na'urar da ke lura da juyawar sitiyari, wasu ma har da kyamara mai kula da layin hanya, kuma sau da yawa su ma sai an sake saita su.

A wajen gwaji akwai abin lura. Tun 1972 hannun dama ake bi a Nijeriya, kuma akan gina titi da ɗan tudu a tsakiya domin ruwan sama ya gangare gefe. Saboda haka mota mai lafiya ma tana iya sulalewa dama a hankali. Wannan ba laifin saiti ba ne.

6.0 Abin da Kalmomin Ke Koya Mana

Ƙamusun Bargery ya fito ne a 1934, tun kafin a ƙera irin wannan na'ura, don haka masu sana'a da kansu suka samar wa aikinsu kalmomi. Ga wasu darussa da na tsinta.

Na farko, tsarin sauti. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka takan cusa wasali a tsakaninsu. Kalmar Ingilishi da ta fara da b da r ta zama birki, mai farawa da s da t ta zama sitiyari. A sifana da sifirin kuwa abu biyu ne suka faru: an cusa wasali, an kuma mayar da sautin p zuwa f, kamar yadda aka yi a fetur da faci da famfo.

Na biyu, jinsi da jam'i. Kalmar aro takan ɗauki jinsi daga wasalinta na ƙarshe. Taya da mota da kamba mata ne, shi ya sa muke cewa tayar gaba, motar haya. Birki da wili da noti maza ne: birkin mota, wilin baya. Jam'insu ma na Hausa ne: tayoyi, motoci. Mafi ban sha'awa ita ce kalmar bakanike. Da m ta shigo, kuma har yanzu ana jin makanike, amma harshen ya ja ta zuwa sahun Bahaushe da Bakano da baduku, ya kuma ba ta jam'i irin nasu, wato kanikawa.

Na uku, ƙirar aikatau. Ɗafa-ƙeyar -ta tana mayar da suna ko siffa aikatau: daidai ta ba da daidaita, tsawo ya ba da tsawaita, gajere ya ba da gajarta. Kalmar aro saiti ita ma ta bi wannan hanya ta haifi saita. Sai kuma azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, waɗanda gareji ya cika da misalansu. A kwatanta waɗannan jimloli:

Rami ya karkatar da ƙafar. (aji na 5, wani abu ne ya jawo)
Ƙafar ta karkace. (aji na 4, abin ya auku gaba ɗaya)
Bakanike ya daidaita ƙafar. (aji na 1)
Ƙafar ta daidaitu. (aji na 7, aikin ya yiwu sosai)

Mai fassarar da ya rubuta "ta karkace" a inda ake nufin "ta daidaitu" ya juya saƙon gaba ɗaya.

Na huɗu, kalmomi masu ruɗarwa. Digiri a gareji ba na jami'a ba ne, ba kuma na zafi ba. Minti ba na agogo ba ne. Mafi wahala ita ce "to", domin a rubuce ta yi daidai da kalmar da Bahaushe ke amsa magana da ita. Jimla kamar "to, to ɗin ya yi yawa" za ta sa mai karatu ya tsaya. A nan aro bai wadatar ba, ana bukatar ƙirƙira. Ga shawarata:

alaimen: daidaita ƙafafun mota
balansin: daidaita nauyin taya
kamba: karkatar taya
kasta: kishingiɗar sitiyari
to: fuskar taya
duban ciki: haɗa-goshi
duban waje: raba-goshi

Biyun ƙarshe na gina su ne a kan tsarin harɗaɗɗun kalmomi masu aikatau da suna, irin su faɗa-wuta da dafa-duka da ci-rani. A ganina, a rubutun da za a karanta wa direbobi a rediyo, gara a kawo kalmar da suka saba ji a gareji tare da bayaninta na Hausa a karon farko. Kalmar da muka ƙirƙira a aji, idan masu sana'a ba su karɓe ta ba, a takarda za ta tsaya.

7.0 Hira Don Gwaji

Direba: Oga, sannu da aiki. Motar nan tana ja na dama, ga tayar gaba ta cinye ta ciki.
Bakanike: Yauwa Alhaji, sannu da zuwa. Sitiyarin yana rawa idan ka ɗauki gudu?
Direba: A'a, ba ya rawa, a karkace dai yake tsayawa.
Bakanike: To ba balansin ba ne. Ka faɗa rami kwanan nan?
Direba: Ƙwarai, makon jiya, da lodi kuma.
Bakanike: Bari mu duba ƙarƙashi tukuna. Kai yaro, kawo geji da jak. In babu wasa, sai mu ɗora ta a kan na'ura.
Direba: In kun gama a ba ni takardar, Oga, in ga ja da koren da idona.
Bakanike: Haƙƙinka ne, Alhaji.

8.0 Jinga

1. Ka fitar da aikatau biyar daga hirar da ke sama, ka faɗi ajin kowanne.
2. Me ya sa bakanike ya ce matsalar ba ta balansin ba ce?
3. Ka nemo kalmomin aro goma daga wata sana'a, kamar walda ko gyaran waya, ka bayyana sauyin sautin da ya same su.
4. Ka rubuta sanarwar rediyo da ba ta wuce kalmomi 80 ba, wadda ke bayyana wa direba alamomi uku na kaucewar saiti.
5. Ka kawo wasu kalmomi a madadin haɗa-goshi da raba-goshi, tare da hujja.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga ma'anar alaimen da bambancinsa da balansin, da kusurwoyin da ake aunawa, da matakai takwas na aikin, da kuma yadda Hausa ta karɓi kalmomin sana'ar ta sa musu kayanta. Ina kira ga 'yan uwana ɗalibai da mu riƙa leƙa gareji da kasuwa da tasha da littafin rubutu a hannu, domin a can ake haifar kalmomin da gobe za a nemi mu fassara. Wanda yake da gyara ko wata shawara a kan kalmomin da na kawo, sai ya aiko wa wannan mujalla domin a tattauna a fitowa ta gaba.